Memori cike da waƙoƙi, sunaye da hotuna duk a cakuɗe: ina mafita?

Usman: Salamu alaikum jama'a. Ina da memori mai gig 64, waƙoƙin ciki tun na zamanin Bluetooth har zuwa na Xender. Wasu a wajen masu turi na kasuwa na karɓo, wasu kaset ɗin Baba ne aka juye mini. In na buɗe a waya, kusan rabi ba sunan mawaƙi, wasu kuma sunan shafin da aka sauko da su ne ya zauna a gurbin, hoton bangon ma tambarin shafin ne da lambar waya. Na canza sunan fayil, amma a manhajar sauraro yana nan yadda yake. Don Allah a taimaka.

Malam Garba: Wa alaikumus salam Usman. Sunan fayil daban, bayanan da ke cikin fayil daban. Kowace MP3 tana ɗauke da wani ɗan gurbi a jikinta, ana ce masa ID3, a nan ake rubuta sunan waƙa, mawaƙi, albam, shekara, har da hoton. Manhajar sauraro can take leƙawa, ba ruwanta da abin da ka rubuta a waje. Kafin ka taɓa komai, kwafe memorin gaba ɗaya ka ajiye a wani wuri, ka yi aiki a kan kwafin. Sannan in kana da kwamfuta ka sauke Mp3tag. Kyauta ce a Windows, wani Bajamushe ne mai suna Florian Heidenreich ya rubuta ta. Tana jera maka waƙoƙin a tebur, ka zaɓi ɗari biyu a lokaci guda, ka rubuta sunan mawaƙi sau ɗaya, duk su ɗauka.

Aminu: Malam da girmamawa, wannan aikin hannu ne, zai gaji. Ya gwada MusicBrainz Picard tukuna. Ita sauraron waƙar take yi, ta ɗauki wani irin hoton yatsa na sautin ta hanyar AcoustID, ta kwatanta da abin da ke rumbun bayanan waƙoƙinsu na intanet, sai ta cike suna da albam da hoto da kanta. Ko da fayil ɗin sunansa AUD da wasu lambobi irin na WhatsApp, in waƙar tana rumbun za ta gane ta.

Malam Garba: In waƙar tana rumbun ke nan, Aminu. Ka sake karanta abin da ya ce, kaset ɗin mahaifinsa. MusicBrainz mutane ne ke shigar da bayanai da hannunsu don raɗin kansu, kuma namu ba su shiga ciki sosai ba. Waƙoƙin Indiya da na Turai da na Legas za ta gane da yawa. Amma waƙar kalangu da aka naɗa daga rediyo, aka juye daga kaset zuwa kaset, gudun zaren ma ya ɗan sauya, wa ya shigar da ita?

Aminu: Wannan gaskiya ne. To ya raba gida biyu. Na zamani da na waje ya ba Picard, na gargajiya ya yi da hannu. Amma Usman, kada ka zaɓi duka ka danna ajiyewa. Kowace waƙa tana da ɗan alama a gefe, kore in ta dace sosai, tana komawa ja in dacewar ta yi rauni. Mai ja ka saurara da kunnenka kafin ka yarda, don da zarar ka ajiye ta rubuce tsohon bayanin.

Hajiya Binta: Usman ɗana, abin da ya fi komai a irin wannan aiki shi ne ka yanke shawarar yadda za ka rubuta sunan kowane mawaƙi, ka rubuta a takarda, ka tsaya a kai. Duba naka da kyau, za ka ga Shata, da Dr. Shata, da Mamman Shata, da Alhaji Mamman Shata Katsina, wani da manyan baƙaƙe wani da ƙanana. Waya ba ta san mutum ɗaya ba ne, mutum huɗu za ta jera maka. Ni na zaɓi suna ba tare da laƙabi ba, don in ka sa Alhaji a gaban kowa, duk za su taru a ƙarƙashin harafin A, neman mutum ya zama wahala. Girmamawar tana nan a baki da zuciya, jerin dai a sauƙaƙa shi.

Usman: Na gode Hajiya. To gurbin albam fa? Waɗannan tsofaffin ai ba su da albam.

Hajiya Binta: Kada ka bar shi babu komai, in ka bari za su haɗu wuri ɗaya da duk wani abin da ba shi da suna. Ni inda waƙar ta fito nake rubutawa, misali "Kaset na Baba 3", sai na jera su yadda suke a kaset ɗin, gefen farko sannan na biyu. Shekara kuma in ba ka tabbata ba kada ka sa. Shekarar da aka juye zuwa MP3 ba ita ce shekarar waƙar ba, kuma in ka tura wa wani da shekarar ƙarya haka za ta yi ta yawo. Abin da ka ji daga bakin mahaifinka, wanda aka yi wa waƙar, ko garin da aka yi wasan, ka sa a gurbin sharhi. Tun yana da rai ka zauna da shi ka tambaye shi, wannan bayanin babu shi a intanet.

Malam Garba: Allah ya saka Hajiya. Na ƙara da gurbin nau'in waƙa. Tsohon tsarin ID3 na 1996 jerin nau'o'i ƙayyadaddu gare shi, suna kuma harafi 30 kawai yake ɗauka, shi ya sa za ka ga wasu sunayen sun yanke a tsakiya. Na biyu da ya zo a 1998 ya ba ka dama ka rubuta abin da ka ga dama. Sai ka sa kalangu, kuntigi, goge, kotso, bandiri, waƙar fim, kowanne a gurbinsa. Ranar da kake son jin kuntigi kaɗai, taɓawa ɗaya ce.

Sadiya: Tambaya Malam. Na rubuta Ɗanƙwairo da ƙugiyoyinsa, a kwamfuta ya fito daidai, a rediyon motar yayana sai alamar tambaya ta fito a wurin Ɗ da ƙ. Me ya jawo?

Malam Garba: Tsarin rubutun da aka ajiye da shi ne. Tsohon tsarin Latin na Yammacin Turai ba shi da ƙ, ɗ, ɓ. A saitin Mp3tag, sashen Mpeg, ki zaɓi ID3v2.3 UTF-16, ki sake ajiyewa. Akwai 2.4 wanda ya fi sabunta, amma tsofaffin na'urori da dama ba sa karanta shi, 2.3 ya fi shiga ko'ina. In bayan haka motar ba ta nuna ba, to ita ce ba ta da baƙaƙen a cikinta, ba laifin fayil ba ne.

Aminu: Shi ya sa ni ba na sa ƙugiya sam. In ka buga "kauna" a wurin bincike, manhajoji da yawa ba za su kawo maka wadda aka rubuta da ƙ ba.

Sadiya: A'a Yaya Aminu, ban yarda ba. Allon rubutun Gboard yana da Hausa, baƙaƙen suna nan. In mu ba mu rubuta sunayen mawaƙanmu daidai ba wa zai rubuta? Abin da nake yi, bayanin ciki da ƙugiya, sunan fayil ba ƙugiya. Ta haka ko a tsohuwar na'ura ana iya nemo shi ta folda.

Malam Garba: Tsarin Sadiya ya yi. Kuma a sunan fayil a guji alamar tambaya da ɗigo biyu, memori ba ya karɓarsu.

Issoufou: Gaisuwa daga Damagaram. Ni ba ni da kwamfuta, wayar ce kawai. Akwai abin yi?

Aminu: Akwai. Kid3, manhajar gyara bayanan waƙa irin Mp3tag, tana da ta Android, tana gyara da yawa lokaci guda, sai dai fuskarta na buƙatar haƙuri a ƙaramin allo. Musicolet kuma manhajar sauraro ce da ba ta buƙatar data, tana da wurin gyara bayanai da hoto a cikinta. In memori ne za ta nemi izinin rubutu a kansa, ka ba ta, in ba haka ba gyaran ba zai zauna ba.

Alhaji Ɗanlami: Ni direba ne, filashina karatu ne da tafsiri, ba waƙa ba. Bayan Fatiha sai Yunus ta shigo, Baƙara tana can ƙasa.

Hajiya Binta: Alhaji, lambobin ne. Na'urar harafi-harafi take jerawa, sai 10 da 100 su riga 2. Ka mayar da su gida uku, 001, 002, har 114, a sunan fayil da kuma gurbin lamba. Wasu rediyoyin motar ma ba sa duba suna, wanda aka fara kwafa shi suke fara sawa. In naka haka yake, share filashin ka sake kwafa su a jere.

Usman: Saura hotuna. Yaya zan cire tamburan nan?

Malam Garba: Zaɓi duka a Mp3tag, danna dama a kan hoton da ke gefen hagu, ka cire. Sannan ka duba ƙarin gurabe da Alt da T, don masu shafukan suna cusa adireshinsu har a gurbin mawallafi da na baitoci. Sabon hoton ya zama JPEG mai kusurwa huɗu daidai, 500 ko 600 kowane gefe ya isa. Kada ka cusa hoton kyamara mai mega 4 a cikin waƙar da ita kanta ba ta wuce haka ba. Tunda kaset ɗin suna gida, ɗauki hoton takardar jikinsu a waje da safe, a inuwa, ka cire ta daga cikin kwalin roba don kada ta yi ƙyalli. Ko rubutun biro ne na Baba a jiki, shi ya fi dacewa da su.

Sadiya: In hotunan suka cika maka gallarin waya, ka sa fayil mara komai mai suna .nomedia, amma a foldar hotuna kaɗai. In ka sa a ta waƙoƙi su ma za su ɓace daga manhaja.

Aminu: Kuma kada ka bi ta manhajar juya sauti don gyara suna. Gyaran bayanai ba ya taɓa sautin, amma juya MP3 zuwa wata MP3 yana rage shi. Muryar talla da wasu ke sawa a farkon waƙa kuwa tana cikin sautin, sai dai ka nemo wani kwafin.

Usman: Allah ya saka da alheri. Zan fara da na kaset, ranar Juma'a zan je gida na zauna da Baba. Malam Garba, masu maimaituwa fa, waƙa ɗaya sau uku da suna daban-daban?

Malam Garba: Su bar su ƙarshe. In sunaye sun daidaita za su jeru kusa da juna da kansu, ko ka sa dupeGuru, manhajar gano fayilolin da suka maimaitu, ta nemo maka. Amma na gargajiya ka saurari kowace har ƙarshe kafin ka goge, don mawaƙi yakan yi waƙa ɗaya a wasa biyu, baitocin kuma ba ɗaya ba.