Shin ƙashin da ciwon dasashi ya cinye yana dawowa bayan aiki?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Likita ya nuna mini a hoto cewa ciwon dasashi ya cinye ƙashin da ke riƙe da haƙorana biyu na tauna, amma ya ce ɗaya kawai zai yi wa aikin cike gurbi, wato a zuba wani abu a ramin da ƙashin ya bari don sabon ƙashi ya fito. Ina roƙon waɗanda aka taɓa yi wa su faɗa mana abin da suka gani.

Wata malamar makaranta: Wa alaikumus salam, Malam. Ni ma haka aka yi mini, kuma dalilin yana ga siffar ramin. Idan ramin matsattse ne mai zurfi, kuma ƙashi ya kewaye shi ta gefe uku, yana riƙe jinin da ya daskare da abin da aka zuba, sai sabon ƙashi ya samu madogara. Inda ƙashin ya zaizaye a shimfiɗe kuwa, kankare saiwar haƙorin kawai aka yi don ciwon ya tsaya. A wurin da aka cike, sai bayan wata shida hoto ya fara nuna canji.

Wani dattijo: Ni ɗage aikin aka yi ta yi har sai da sugana ya sauka, domin likita ya dage a kan gwajin da ke nuna matsayin suga na kusan wata uku, ba na safiyar ranar ba. A lokacin na ji haushi, amma ɗinkin ya kama lafiya. Ƙanena kuwa, da ke shan sigari, dasashinsa ya buɗe kafin ya warke, kuma ramin bai cika ba.

Wata mai taimaka wa likitan haƙori: Gaskiya ne, Baba, taba tana rage jinin da ke isa dasashi. Abin da na fi gani yana ɓata aiki shi ne datti ya sake taruwa, sai kuma haƙori mai girgiɗi, wanda akan ɗaure shi da maƙwabtansa tukuna. A makonnin farko ba a sa buroshi ko asuwaki a kan ɗinki, maganin kurkure baki ake bayarwa.

Wata Hajiya: Malam, ka kuma tambayi asalin abin da za a saka maka. Cikin abubuwan da ake sakawa a ramin, Emdogain daga haƙoran alade ake samo shi, Bio-Oss kuwa daga ƙashin shanu. Da na nuna damuwata, sai aka zaɓa mini na haɗin masana'anta.

Mai tambaya: Na gode, Hajiya. Da wannan tambayar zan fara idan na koma asibiti.