Neman kalma: yaya za mu ce "ketilin" da Hausa?

Mai fassara, Agege:
Salamu alaikum jama'a. Yau ma ƙoƙon bara na ɗauko. Kun san duk Juma'a nakan haɗa 'yan labaran duniya in tura zaurenmu na WhatsApp, saboda 'yan'uwa na kasuwa da ba sa samun zama da rediyo. Tun da aka yi taron ƙolin G20, wato ƙungiyar ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki, a Johannesbag a Nuwamban 2025, karon farko a nahiyar Afirka, wasu ke ta tambayata me ya sa sau da yawa in manyan nan suka taru a ƙasashen Turawa sai an yi artabu tsakanin 'yan sanda da masu zanga-zanga. Na zauna rubutawa, tafiya ta miƙa, sai wata kalma ta maƙale min kamar ƙayar kifi. Mutanen Ingila na ce mata ketilin.

Ga yadda abin yake. 'Yan sandan kwantar da tarzoma su ja sahu, garkuwa na gogar garkuwa, su toshe duk bakin titin da ke shiga wata mahaɗa. Wanda aka rutsa da shi ya zauna kenan. Ba a ce an kama ka ba, ba a sa maka ankwa ba, ba a kai ka caji ofis ba, amma ba ka isa ka fitar da ƙafa ba. Ba ruwa, ba bayi, ba wurin zama sai kwalta. In sun ga dama, can da dare sai su buɗe 'yar kafa su riƙa sakin mutane ɗai-ɗai.

Haka aka yi wa mutum wajen 300 a wata mahaɗar tituna a Toronto ta Kanada ranar 27 ga Yuni 2010, ranar ƙarshe ta taron G20. Kusan awa huɗu ruwan sama na dukansu, cikinsu har da masu wucewa da ba ruwansu. Waɗanda aka kama a ƙarshen makon nan sun haura 1,100, kuma a 2020 hukumar 'yan sandan birnin ta amince ta biya diyyar dalar Kanada miliyan 16.5. To wace kalma ce za ta ɗauki wannan aikin a bakinmu?

Mai shayi, Obalende:
Malam, ai daga ketul ta fito, wato butar shayi. Ka ce "butar 'yan sanda" kowa ya huta. Ni da nake kan buta tun asuba na gane nufinsu sarai: murfi a rufe, wuta na ci a ƙasa, ruwa na ɓararraka, tururi na fita ta ɗan hancin nan kaɗan-kaɗan.

Mai fassara:
Mai shayi, Allah ya bar mu da kai, hoton ya fito. Amma in na rubuta "an zuba masu zanga-zanga a buta", Bahaushe alwala zai fara tunawa. Kuma masu bin asalin kalmomi da dama na danganta ta da kesel ta Jamusanci, wato babbar tukunya, wadda sojojin Jamus ke kiran rundunar da abokan gaba suka zagaye ta ko'ina, kamar yadda aka yi musu a Sitalingirad a yaƙin duniya na biyu. Ranar 8 ga Yuni 1986 'yan sandan birnin Hambug na Jamus suka riƙe masu adawa da makamashin nukiliya sama da 800 a fili ɗaya har awa 13, aka sa wa abin suna tukunyar Hambug. Kotu ta ce an saɓa doka. Sai dai tukunya ma ba ta yi mana ba, tunda a wurinmu tuwo take kira.

Baba, tsohon ɗan sanda, Idi-Araba:
Yarana, kada ku wahalar da kanku. Ƙawanya ce. Ko ku ce killacewa. Kuma tunda na ga rubutun ya fara karkata gefe guda, bari in faɗi nawa, don na riƙe garkuwa na san nauyinta. Taro na mutum dubu goma, masu lumana ne kusan dukansu, amma sai 'yan tsiraru su rufe fuska, su sa baƙaƙen kaya, su yi jifa su koma cikin jama'a su saje. A Hambug a Yulin 2017, lokacin G20, an ƙone motoci an fasa shaguna. In ba ka tsayar da taron wuri guda ba, me ya rage maka? Kulki da barkonon tsohuwa da guje-guje. Ku tuna Jenowa ta Italiya a Yulin 2001, taron manyan ƙasashe takwas na G8. An kewaye tsakiyar gari da shingen ƙarfe, a waje kuma aka yi ta kora da gudu, har ranar 20 ga wata wani jandarma ya harbe saurayi ɗan shekara 23, Carlo Giuliani. Shekarar da ta biyo baya sai can Kananaskis aka kai taron, cikin duwatsun Kanada, inda zuwa ma aiki ne. Ni gara in tsayar da mutum awa biyar ya koma gida yana zagina da in kai wa uwarsa gawa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ɗalibar lauya, Akoka:
Baba, Allah ya ƙara girma, ban isa in ja da kai a aikin da ka sani ba. Amma "killacewa" kalmar 'yan sanda ce, fassarar abin da su ke rubutawa a rahotonsu ke nan. In Malam ya ɗauke ta, ya yanke hukunci a shari'ar da Turawan kansu suka shafe shekara goma sha ɗaya suna yi. Ga yadda ta kasance. Ranar ma'aikata ta 2001 an riƙe mutum wajen 3,000 a wata babbar mahaɗa ta tsakiyar Landan har awa bakwai. Mutum huɗu suka kai ƙara har kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai. Ɗaya ce kawai mai zanga-zanga a cikinsu, ita ma jaririyarta na gidan reno tana roƙo a bar ta ta je ɗauko ta. Sauran ukun hanya ce ta bi da su, har da wadda ta fito daga wurin aiki cin abincin rana. Tambayar da ke gaban alƙalai guda ce: wannan tsarewa ce ko ba tsarewa ba? A Maris 2012 alƙalai 14 cikin 17 suka ce a yanayin ranar ba ta kai tsarewa ba. Uku suka ce ta kai. Saboda haka in ka rubuta "tsarewa" ka bi ukun, in ka rubuta "killacewa" ka bi 'yan sanda. Ga shi tun zamanin korona killacewa ta koma ta masu cuta, kamar ana yi maka ne don lafiyarka.

Batun gawa kuma, Baba, ranar 1 ga Afrilu 2009 da aka yi wa mutane irin wannan zobe gaban babban bankin Ingila saboda G20, akwai wani mai sayar da jarida, Ian Tomlinson, ɗan shekara 47, da ke neman hanyar gida yana ta cin karo da sahun 'yan sanda. Wani ya buge shi da kulki ya hankaɗe shi ta baya, bai jima ba ya faɗi ya mutu. Ba ya cikin zanga-zangar.

Mai fassara:
Malama, wannan ce ta hana ni barci. Ƙawanya kuwa ta kusa, ita na fara rubutawa. Matsalarta ita ce mun saba jin ta a labarin yaƙi: sojoji sun yi wa 'yan bindiga ƙawanya a daji. Kunne na jin ta sai ya ɗauka na ciki maƙiyi ne, kuma abin da ke tafe farmaki ne. A nan kuwa ba a kai farmaki. Makamin duka lokaci ne da ƙishirwa da marar mutum. Ana jira ne ka gaji ka huce, gobe ma in an ce ka fito ka ce ƙafarka na ciwo. Ƙawanya ta faɗi zagayewar, ba ta faɗi jiran ba.

Direban tirela, Ijora:
Ƙofar rago fa?

Mai fassara:
Yaya, na so ta, don yadda na ji daga manya, ƙofa ce da masu yaƙi ke bari don rago ya samu wurin gudu. Amma yanzu jaridu sun mai da ita ta rutsa ɓarawo ko ɗan bindiga a lungu. Ita ma ta ɗora wa na ciki laifi tun kafin a tambaye shi.

Ɗan acaba, Ketu:
Ni ban san Landan ba, amma an taɓa yi min. Bayan an hana acaba a wasu unguwanni a 2022, wata safiya jami'ai suka tare wani layi gaba da baya da motocinsu. Ranar ko mashin ban fito da shi ba, magani na je sayo wa yarinyata. Daga wajen ƙarfe goma har la'asar ba shiga ba fita. Wata mai tallar burodin Agege ta sauke farantinta a bakin kwata, kafin azahar ta sayar da shi kaf, ita kaɗai ta ci ribar ranar. Fiya wata ya ƙare. Wani dattijo fitsari ya matse shi, ya roƙa ya roƙa, daga ƙarshe muka tsaya mu uku muka kare shi da jikinmu ya tsuguna bayan wata danfo. Da bango muka yi taimama. Da aka buɗe ba wanda ya tambaye ni ko sunana. Mu dai samame muka kira shi.

Mai fassara:
Ƙanena, Allah ya kiyaye gaba, da fatan yarinya ta warke. Samame na da abin da ya zo nema, a naku mashina ne, in an kwashe an gama. Amma abin da ya same ka kai da dattijon nan, ku da ba ku aka zo nema ba, shi ne ainihin abin da nake neman sunansa.

Hajiya mai atamfa, Balogun:
Ɗaurin talala mana, Malam. Ba ka ɗaure ba, ba ka sake ba.

Mai fassara:
Hajiya, kin taɓo wurin. Sai dai 'yan jarida sun riga mu, sun ba wanda aka hana fita daga gidansa. Shi yana da gado da bayi da girkin matarsa.

Dillalin raguna, Oko-Oba:
Tun ɗazu nake karantawa ina dariya, don abin da kuke nema yana gabana yanzu haka. Turke. In aka sauke raguna daga Arewa gab da Layya, kowanne sai a kafa masa turke. Bai shiga mahauta ba, ba a sayar da shi ba, bai kuma isa ya wuce tsawon igiyarsa ba. Awar farko zai yi ta fizga yana tunkuyi yana kuka. Ka dawo da yamma ka same shi ya kwanta ya yi laushi. Ba wanda ya dake shi, rana da tsayuwa ne suka yi aikin. Kuma abinci da ruwa sai wanda ya turke shi ya ga dama.

Baba:
A'a, Alhaji. Mutane ne fa, kuma mu ba makiyaya ba ne. Wannan ai zagi ne ga ɓangare biyu.

Ɗalibar lauya:
Baba, ai mun daɗe muna turke mutane. "'Yan majalisa sun turke minista da tambayoyi." "Mai bashi ya turke shi a ƙofar gida." Ba wanda ke jin an mai da minista rago. Abin da ya burge ni da ita, ba ta ce an kama ba, ba ta ce an kare ka ba. Ta ce an hana ka motsi a inda kake, sai wanda ya riƙe ka ya ga dama. Halacci ko haramci ta bar wa alƙali.

Mai fassara:
Ni dai ta kwanta min. Na gwada ta a jimla ban ji ta yi tuntuɓe ba: "'Yan sandan Toronto sun turke mutum wajen 300 cikin ruwan sama." A wurin suna kuma zan haɗa da ta Baba, don turke kaɗai bai nuna zagayewa ba: ƙawanyar turke. "Kotun Turai ta ce ƙawanyar turken da aka yi a Landan a 2001 ba ta kai tsarewa ba." Karon farko zan ƙara layi guda na bayani, daga nan in bar ta ta ci gashin kanta. In bakin jama'a ya gajarta ta zuwa turke kawai, ba ni da ja.

Wani ya turo min ta gefe yana tambaya ko abin da ya faru da masu zanga-zangar EndSARS a Lekki ta Legas ranar 20 ga Oktoba 2020 zai shiga ƙarƙashinta. Ba zai shiga ba. Waccan magana ce ta harbi, kuma harbi na da sunansa, kada mu lulluɓe shi da sabuwar kalma.

Baba:
Ban gamsu ba, amma tunda ƙawanyata na ciki, na ba ku aro. Sharaɗi ɗaya, ɗana: ranar da za ka rubuta Hambug, ka rubuta da motocin da aka ƙona.

Mai fassara:
Na ɗauka, Baba, suna ciki.

Mai shayi:
To in an buɗe aka saki mutane fa, me za a ce? Da kun bar min butata da sai a ce an tsiyaye su.

Dillalin raguna:
Kwancewa mana. An turke su da azahar, an kwance su bayan isha'i.