Baƙaƙen Ɗan Agege

Ɗan Agege:
Sallama gare ku, 'yan zauren waƙa,
Na zo da buƙata, ku nuna min mafita.
Wani harshe na ƙago don labarina,
Baƙaƙe da wasulansa duk na rubuta.
Da alƙalamin kara na zana su,
Ya za a yi su hau allon kwamfuta?

Mai Ɗab'i, Shomolu:
Ƙanena, ɗauki hoton kowane harafi,
Ka nemi FontForge, manhaja ce ta kyauta.
Bi gefen zanen, ɗigo bayan ɗigo,
Inda karan ya yi kauri, kar ka rage ta.
Ka zaunar da su duka kan layi ɗaya,
Guda in ya nutse, shafi ya karkata.
Aikin da ke cin rai shi ne tazara,
Farin tsakanin baƙaƙe ido ke karanta.
Biyu su matse, biyu su yi nisa,
Kalma ta rabe, mai karatu ya ɓata.

Baba Malam, Idi-Araba:
Yaro, na ji ka, amma raina da ƙaiƙayi,
Ga namu haruffan suna neman gata.
Tun shekarun 1930 muke da ɓ, ɗ da ƙ,
Har yau ƙugiyarsu ba ta huta.
Dubi allunan shaguna a Mile 12,
An yanke ƙugiya, ma'ana ta sauya ta.
Mai ɗaki yana yoyo tun bara,
Shi ne zai fara ginin wata bukka daban da ita?

'Yar Obalende:
Baba, a yi haƙuri in sa baki,
Ƙagen yara ba abin rainawa ba ne, na tabbata.
A Gini, 1989, Ibrahima da Abdoulaye Barry
Suna yara suka zana wa Fulatanci Adlam tata.
A 2016 Unicode, mai ba haruffan duniya lamba a kwamfuta, ta karɓi baƙaƙen Adlam,
Yau a waya Fulani ke rubuta ta.
Sai dai Yaya, naka ba su da lamba a can,
Akwai gurbi 6,400 da aka keɓe don irin wannan buƙata.
Zuba su ciki, amma wayar da ba ta da zanenka,
Akwatuna fanko kawai za ta nuna a fuskarta.

Ɗan Agege:
Baba, maganarka ta shige ni,
Ba zan bar ƙugiya a baya tana kuka ba, na ɗauke ta.
Ɓ da ɗ da ƙ har da ƴ ta Nijar,
Da karan nan zan zana, in raba kyauta.

Mai Ɗab'i, Shomolu:
To kawo su Asabar, kafin azahar,
Ka ɗinke haruffan cikin PDF, kar inji ya musanya ta.
Za mu buga su ƙanana a takardar jarida,
Mu ga ko ƙugiyar za ta jure tawada ta fita.