Fuloti ɗaya, gida nawa? Muhawara kan cike filaye a tsofaffin unguwannin Kano

Baba Alhaji: Jama'a, ina nan a kan bakana. Ya kamata KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, ta yanke adadi, ta ce fuloti hamsin da ɗari ba zai wuce gida biyu ba a unguwar da ta riga ta zauna. Ku dubi Nassarawa da Bompai. Gidan da iyali ɗaya suke ciki da bishiyoyinsa, yau an sare darbejiyar, an yanka filin gida shida, kowa ya haƙa burtsatse, kowa ya sako ruwan wankansa cikin lambatun da aka yi wa gida ɗaya.

Maman Ummi: Baba, Allah ya ƙara girma, amma mu 'yan haya fa? In aka ce biyu kaɗai, sauran huɗun ina za su? Danbare ko Rimin Kebe za a kora mu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin adaidaita sahu daga bayan gari zuwa Sabon Gari kullum ya isa cefanen yini. Ni na gwammace ɗaki biyu a matse kusa da aikin maigida da makarantar yara.

Baba Alhaji: 'Yata, ban ƙi ta taki ba. Amma kin manta ambaliyar Kantin Kwari a Agustan 2022? Ruwa ya shiga shaguna ya lalata atamfofi da shaddoji, mutane da yawa kuma suka ɗora laifin a kan gine-ginen da suka toshe hanyar ruwa. A watan ne kuma bene ya rufta a titin Beirut. Cunkoso ke jawo irin wannan.

Injiniya: Ranka ya daɗe, waɗancan kasuwanni ne, kuma abin da aka yi ƙorafi a kai shi ne inda aka yi ginin da yadda aka yi shi. Gida biyu ma in aka dasa su a kan magudanar ruwa, unguwa za ta sha ruwa. Abin da ya kamata a ƙayyade shi ne nawa za a rufe na filin da siminti da kwano. Ruwan saman da ya sauka a rufi da daɓe ba ya nutsewa, kai tsaye yake gangarawa lambatu. Da can kududdufai ne ke shanye shi a cikin birni, an cike da yawansu da shara an yi gini a kai. Sai a ce dole a bar wani kaso na fili a buɗe, a ja baya daga titi, a bar tazara tsakanin shadda da rijiya. Wanda ya cika wannan, in ya hau sama ya fitar da gida huɗu, bai cuci kowa ba.

Malama: Injiniya, a nan na rabu da kai. Hawa saman shi ne damuwar mata. Bene mai hawa biyu ya tsaya a jikin katangarki, tagarsa tana kallon tsakar gidanki, shi ke nan, ba ki ƙara yin wanki ko shan iska ba mayafi. Haƙƙin maƙwabtaka ne wannan. Kowace doka za a yi, ta fara da tsayin gini da inda taga ke fuskanta.

Injiniya: Wannan gaskiya ce, Malama, kuma a zane ake magance ta. Tagar da ke ɓangaren maƙwabci a ɗaga ta sama da tsayin mutum, baranda ta kalli titi.

Dillali: Duk kun tsallake gado. Mutum ya rasu ya bar 'ya'ya tara da gida ɗaya a Fagge ko Gwammaja. Ko a raba kowa ya ja katangarsa, ko a sayar wa mai kuɗin da zai rushe ya yi na haya. Wa zai ce wa magada rabonsu ya saɓa wa adadi? Kuma yawancin awon igiya ba su taɓa ganin takardar izini ba. Dokar Filaye ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, amma a ƙasa mu da masu unguwa ake ƙulla ciniki.

Maman Ummi: Abin da nake tsoro ke nan. A Yunin 2023 mun ga an rushe gine-ginen filin tsohon otal ɗin Daula da shagunan Filin Idi, waɗanda gwamnatin baya ta ba da filayensu. In wannan ta ce biyu, mai zuwa ta ce shida, wanda ya tara guminsa ya saya shi zai kwana a ciki.

Baba Alhaji: To na sassauta kan adadin, amma da sharaɗi. Duk wanda zai mai da gida ɗaya shida, shi zai faɗaɗa lambatun layin da kuɗinsa kafin a sa masa hannu, kuma a kira maƙwabta su ga zanen. Injiniya, kawo mana nawa mita ɗaya ta lambatun kankare take ci yanzu, mu lissafa mu ga ko mai ginin zai iya ɗauka.