Injin nan mai fasa kwalta, wane suna za mu ba shi?

Jama'a, ku matso mu yi shawara. Injin nan da ma'aikacin titi ke riƙewa da hannu biyu yana fasa kwalta, kafaɗunsa na rawa, ƙara ta hana kowa jin maganar ɗan'uwansa, har yau ban ji sunansa na Hausa da ya zauna ba. Wasu na cewa jakhama, wasu kwampreso. Na biyun kuskure ne. Kwampreso shi ke matse iska ya turo ta cikin tiyo, ba shi ke dukan ba.

A cikin injin akwai fistin da matsattsiyar iska ke cillawa sama da ƙasa, yana dukan ƙeyar wani dogon ƙarfe mai tsini fiye da sau 1,000 a minti ɗaya. Aikinsa duka ne ke nan, shi ya sa "injin huji" da wani ya kawo bai kwanta mini ba.

Wani malami ya ce "masabar iska". Kalmar ta yi daɗi, malam, sai dai yaran yanzu nawa ne suka san masaba? Guduma kuwa kowa ya san ta.

Na san abin da za ku ce: "gudumar iska" kamar zagi ne, tamkar an ce guduma 'yar iska. Ni ma na yi dariya. Amma iskar ba ta ciruwa, don ita ce asalin abin. A 1857 aka fara haƙa ramin jirgin ƙasa na Mon Seni, a ƙarƙashin duwatsun da ke tsakanin Faransa da Italiya, da guduma da ƙarfe a hannu, aiki na tafiyar hawainiya. Injin tururi bai dace da cikin rami ba, zafi da hayaƙi za su shaƙe mutane. Sai injiniya Germain Sommeiller ya kawo injinan da iska ke tuƙawa, iskar ta yi dukan sannan ta fita ma'aikata su shaƙa. A 1871 aka buɗe ramin. Ita kanta kalmar da Turawa ke kiran injina masu aiki da iska, wato "pneumatic", daga Girkanci take, ma'anar tushenta numfashi ko iska.

Shawarata dai: "gudumar iska" ta zama sunan dangin gaba ɗaya. Na hannun nan kuma, mai fasa kwalta da kankare, mu ce masa "dagin iska". Ku dubi mai haƙa da dagi: a tsaye yake, hannu biyu, tsini a ƙasa, a ɗaga a soka. Siffar ke nan sak. Wani daɗin kuma, idan aka zo ga mai aiki da wuta sai a ce "dagin lantarki", ba sai an sake taro ba.

Saura ta masu haƙa rijiyar burtsatse. A da, gudumar tana sama tana dukan sandunan ƙarfe, rami na ƙara zurfi ƙarfin dukan na raguwa a hanya. A shekarun 1950 André Stenuick na Beljiyam yana cikin waɗanda suka sauke gudumar can ƙasa, daf da bakin da ke cin dutsen. Iskar da ta gama duka ita ke huro garin dutse waje, wato farar ƙurar nan da ke turnuƙe wurin haƙa kafin a taɓa ruwa. Wannan "gudumar ƙasan rami" ce, ban ga abin musu ba.

Inda na maƙale shi ne kan ƙarfen, mai ƙulle-ƙullen nan masu tauri da ke niƙe dutsen. Baki za mu ce, ko haƙora? Masu aikin haƙa, me kuke kiransa a bakin aiki?