Shin Girgam tarihi ne, ko kuwa adabin fada ne kawai?

Ɗaliba daga Marwa:
Assalamu alaikum, malamaina da yayyena. Ina rubuta kundin digiri na biyu a kan sarakunan Kanem da Borno, kuma na dogara da Girgam, jerin sarakunan da Heinrich Barth ya samu kwafinsa a Kukawa a 1851. Da na miƙa babi na farko, malamin da ke duba aikin ya ja jan layi a ƙarƙashin kalmar "gaskiya" duk inda ta fito, sannan ya rubuta a gefe cewa a tarihi babu gaskiya, sai labari da ikon mai bayar da shi. Ya ce in karanta Michel Foucault da Hayden White, masanan da ake danganta wannan ra'ayi da su, wanda ake kira ra'ayin bayan-zamani, in ɗauki Girgam kamar yadda ake ɗaukar kirari. Na karanta, amma hankalina bai kwanta ba. Shin akwai masanan da suka ƙi wannan ra'ayi na bayan-zamani, ko kuwa ni ce ban fahimta ba?

Tsohon malamin tarihi, Ngaundare:
Wa alaikumus salam, 'yata. Malaminki yana da hujja a wuri guda: Girgam ya danganta gidan sarautar da Saifu ɗan Zi Yazan na Yaman, kuma kowa ya san gidan sarauta yana son asali mai daraja. Sai dai samun ƙari a cikin magana ba ya nufin dukanta ƙarya ce, kuma akwai hanyar tantancewa. Wajen 1391 Mai Usmanu ɗan Idris ya aika wa Sarkin Masar Barƙuƙ wasiƙa yana ƙarar Larabawan da ke kama mutanensa suna sayarwa, Alƙalƙashandi, marubuci ɗan Masar, kuma ya kwafe ta a littafinsa. Haka nan Almaƙrizi, masanin tarihi ɗan Masar, ya ambaci makarantar da mutanen Kanem suka kafa a Alƙahira. Waɗannan marubuta ba su taɓa cin tuwon fadar Borno ba, to idan maganarsu ta yi daidai da ta Girgam, me za a kira hakan in ba hujja ba? Richard Evans ya rubuta littafi guda a 1997 yana kare aikin tarihi daga wannan ra'ayi, ki neme shi. Abin da ke yi mini ciwo shi ne, a 1963 masanin tarihi ɗan Birtaniya Hugh Trevor-Roper ya ce Afirka ba ta da tarihin da za a koyar, muka shafe shekaru muna tara hujjar da ta ƙaryata shi, yau kuma a ce mana hujjar ma ba komai ba ce.

Malamar adabi, Njamena:
Baba, na yarda da kai, amma ƙanwata kada ki jefar da White gaba ɗaya. Ahmad ɗan Furtuwa, wanda ya rubuta yaƙe-yaƙen Mai Idris Alauma a 1576, limamin sarkin ne, kuma duk mai kunnen adabi zai ji yadda yake ɗaukaka ubangidansa yana ƙasƙantar da mutanen Sau, tsoffin mazauna yankin Tafkin Chadi. Gane salo irin wannan aikinmu ne na masu adabi. Inda na rabu da 'yan bayan-zamani shi ne inda suka tsaya a kan takarda. Na kai ɗalibaina ƙauyen Gawi da ke kusa da nan, suka tsaya gaban manyan randunan Sau, wata yarinya ta shafa bakin ɗaya ta ce ashe da gaske an yi mutanen nan.

Almajirin hadisi, Garwa:
Malama, ai kokwanton mai ba da labari ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malaman hadisi sun daɗe suna bincikar isnadi, suna tambayar wa ya ji daga wa, kuma ba su taɓa cewa tun da wasu maruwaita sun yi ƙarya babu ingantaccen hadisi ba. Marigayi Eldridge Mohammadou, ɗan garin nan, haka ya bi fadojin lamiɓe, wato sarakunan Fulani, irin su Rai Buba yana ɗaukar ruwayoyi daga bakin dattawa. Shawarata ga 'yar'uwa ita ce ta ware babi guda ta jera abin da Girgam ya faɗa shi kaɗai da abin da majiyoyin Masar suka ƙarfafa, sannan ta mayar wa malamin cikin ladabi.