Muhawara: Shin iyaye ne suka fi dacewa su wakilci masu naƙasa a siyasa?

Malamin Makaranta: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ra'ayina shi ne babu wanda ya fi iyaye dacewa ya tsaya wa masu naƙasa a majalisa, kuma hujjata ita ce Maggie Hassan, sanata mai wakiltar jihar New Hampshire a Amurka. Lauya ce wadda ɗanta yake fama da shanyewar gaɓoɓi saboda larurar ƙwaƙwalwa, ba ya tafiya kuma ba ya magana. Fafutukar ganin yara irinsa sun zauna aji ɗaya da sauran yara ce ta sa Gwamna Jeanne Shaheen ta naɗa ta a wani kwamitin ba da shawara kan ilimi a 1999. Ta nemi kujerar majalisar dattawan jiha a 2002 ta faɗi, ta ci a 2004, ta ci zaɓen gwamna a 2012, sannan a 2016 ta ci zaɓen shiga Majalisar Dattawan ƙasa da ratar ƙuri'u 1,017 kacal. A 2015 ta sa hannu kan dokar da ta haramta biyan masu naƙasa ƙasa da mafi ƙarancin albashi, kuma jiharta ce ta fara yin haka a Amurka.

Mai Keke: Wa alaikumus salam, Malam. Ina girmama wannan baiwar Allah, amma ni da shan inna ya zaunar da ni a keke tun ina yaro ban yarda da kalmar "ya fi dacewa" ba. A ƙasar Hausa ba a saba naɗa mai ido Sarkin Makafi ba, ko da kuwa shi ne ya haifi makafi goma. Manyan dokokin Amurka ma masu naƙasa ne suka ƙwato su da jikinsu. A watan Afrilun 1977 Judy Heumann da 'yan'uwanta sun mamaye wani ginin gwamnatin tarayya a San Francisco kusan mako huɗu, suna kwana a ƙasa, har sai da aka sa hannu kan ƙa'idojin aiwatar da dokar hana wariya ta 1973. A watan Maris na 1990 wasu sun sauka daga kekunansu suka hau matakalar majalisar ƙasa da rarrafe, kuma a watan Yulin wannan shekara Shugaba Bush babba ya sa hannu kan dokar Amurkawa masu naƙasa.

Barista: Ina da gyara ɗaya ga Malam kafin a ci gaba. Ba larurar ɗa kaɗai ce ta kai Hassan inda take ba, domin mahaifinta, Robert Wood, ya riƙe ma'aikatar gidaje ta tarayya a ƙarshen mulkin Shugaba Johnson, ita kuma tana da digirin lauya da mutanen da za su ɗaga mata waya. Iyaye mata nawa ne suke da yaro irin nata amma ba za su taɓa ganin ƙofar ofishin gwamna ba? Duk da haka ba zan rage mata komai ba a kan abin da ya faru a Janairun 2017, lokacin tantance Betsy DeVos a matsayin sakatariyar ilimi. DeVos ta nuna cewa batun ilimin yara masu naƙasa a bar wa jihohi, sai Hassan ta tambaye ta ko ba ta san dokar tarayya ba ce, ita kuwa ta amsa cewa wataƙila ta rikita ne. Dokar ilimin yara masu naƙasa tana nan tun 1975, kuma wanda ya sha zaman tsara karatun ɗansa da malamai ba zai rikita ta ba.

Hajiya: Ƙanena Mai Keke, ka yi magana mai nauyi, amma ka manta da 'yata da ire-irenta. Kai kana rubutu, kana muhawara, kuma gobe za ka iya sayen fom ɗin takara. 'Yata tana da shekara goma sha ɗaya, ni nake ba ta koko da cokali a hankali don kada ta ƙware, kuma da ƙifta ido take gaya mini ta ƙoshi. Lokacin da na goya ta zuwa wata makaranta, shugabar ta dube ta sau ɗaya ta ce ba su da wurin ajiye irinta, na juyo da ita a bayana ina share hawaye da gefen mayafi. Idan ban yi magana a madadinta ba, wa zai yi? Makaho yana da baki, gurgu yana da baki, amma akwai waɗanda bakinsu shi ne uwarsu.

Mai Keke: Hajiya, Allah ya saka miki da alheri, ya ba ta lafiya. Ban ce iyaye su yi shiru ba, kuma a kan yara irin taki na sallama gaba ɗaya. Abin da nake tsoro shi ne iyaye suna neman kariya, mu kuma muna neman 'yanci, kuma biyun ba kullum suke tafiya tare ba. Dokar albashin da Malam ya yaba ita ce shaida: tun 1938 dokar ƙwadago ta Amurka ta ba da damar biyan masu naƙasa ƙasa da kowa, ƙungiyar makafi ta ƙasar ta daɗe tana yaƙar wannan sashe, amma cikin masu kare shi har da iyaye da yawa, saboda suna tsoron a rufe wuraren da 'ya'yansu suke wuni. Hassan ta bi ɓangarenmu, wasu iyayen kuwa ba su bi ba.

Malamin Makaranta: To ai wannan ya nuna uwa za ta iya saurare ta bi gaskiya.

Barista: Ya nuna za ta iya, Malam, bai nuna ta fi dacewa ba. A zaɓen 2016 ɗin nan da Hassan ta ci, jihar Illinois ta zaɓi Tammy Duckworth a matsayin sanata, wadda ta rasa ƙafafunta biyu a Iraƙi a 2004, kuma babu wanda zai ce ɗaya ta maye gurbin ɗaya. Sanata Tom Harkin, wanda ya jagoranci dokar 1990, ɗan'uwansa kurma ne, yayin da Tony Coelho, wanda ya fara gabatar da ita a majalisar wakilai, shi kansa yana da farfaɗiya. Ina roƙon Malam ya janye kalmar fifiko, ya bar mu da tambayar da Hajiya ta kawo game da waɗanda ba za su iya tsayawa takara ba har abada.

Malamin Makaranta: Na janye ta a kan manya masu iya magana da kansu. A kan yara irin 'yar Hajiya kuwa ina nan a kan bakana.